Yadda Za Ka Kyautata Zato Ba Tare Da Ka Yaudari Jikinka Ba

A majalisarku yau da dare, bayan an idar da Isha'i an fara zuba shayi, ka jefa wannan tambayar: cikin sa'o'inmu na garin nan, mutum nawa a cikin goma ke ɗauke da hawan jini? Za ka ji lissafi iri-iri. Wani ya ce uku, wani ya ce ai sun kai biyar, ga tunani, ga tsadar rayuwa, ga dunƙulen da ake zubawa a miya. Ka bari su gama, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce, to kai fa? Nan za ka ji murya ta canza: "A'a, ni kam lahiya lau nike, ban jin komi." Kowa ya yarda ciwon ya shigo gari, amma a gidan maƙwabci ya sauka.

Ni ma'aikacin jinya ne da na yi ritaya, yanzu ina zaman wani ɗan kemis a Mabera, cikin garin Sakkwato, da na'urar awon jini a gefen tebur. Ni ba likita ba ne, kuma wannan rubutu ba zai ɗauke maka zuwa asibiti ba. Sai dai aikin jinya da zaman kemis sun sa na san wata ɗabi'a ta ɗan Adam wadda takan ɗaga majinyaci daga gado, takan kuma kai mai tafiya da ƙafarsa kushewa, gwargwadon inda aka ajiye ta. Ita ce kyautata zato ga gobe, wannan jin da ke cikin ran kusan kowa cewa abin alheri na nan tafe, mugun abu kuma zai bi ta gefe. Ba na son kowa ya rabu da ita. So nake ka san wurin da take aiki da wurin da ba a ba ta aiki.

Ka fara sanin halin zuciyarka

A 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Neil Weinstein, ya yi wa ɗalibai sama da 200 irin tambayar nan ta majalisa. Ya jera musu abubuwa masu daɗi da marasa daɗi, kamar mallakar gida, tsawon rai, bugun zuciya, ciwon daji da mutuwar aure, ya ce kowa ya auna kansa da sauran ɗaliban makarantar. Akasarinsu suka sa kansu gaba a wajen alheri, baya a wajen sharri. Lissafi kuwa ba ya ɗaukar haka, don ba yadda za a yi kowa a aji ya fi sauran 'yan aji sa'a. Ya kuma lura abin ya fi ƙarfi idan mutum yana da hoton irin waɗanda ciwo ke kamawa a ransa. A wurinmu hoton mai hawan jini shi ne Alhaji mai tumbi da ke cin balangu kullum. Shi ya sa siririn ɗan dako a kasuwar Kara, mai wuni yana ɗaga buhu, in ka ce ya miƙo hannu a auna sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mi zan yi da ciwon masu kuɗɗi?" Na sha ganin irinsu lambarsu ta wuce ta Alhajin.

A 2011 kuma Tali Sharot da abokan aikinta a Landan suka gano yadda zuciya ke kare wannan zato. Sun nuna wa mutane munanan abubuwa 80, kowane su faɗi yadda suke jin zai iya samunsu, sai a gaya musu ainihin alƙaluman, daga baya a sake tambayarsu. Wanda aka nuna wa cewa hatsarin bai kai yadda ya zata ba, nan take yake gyara lissafinsa. Wanda aka nuna wa ya fi yadda ya zata, da ƙyar yake motsawa. Ba mantuwa ba ce, sun riƙe lambobin sarai, zuciyar ce ke cewa wannan na wasu ne. A ƙiyasinta kusan kashi 80 cikin 100 na mutane haka suke, maza da mata, masu ilmi da marasa shi. Likitoci da mu ma'aikatan jinya muna ciki tsundum.

Amfanin sanin wannan ɗaya ne: duk ranar da ka ji ranka ya ce maka "wannan ba ni ba ne", kada ka ɗauke shi shaida. Haka yake ce wa kowa.

Alherin da ke ciki gaskiya ne

Kada ka ce to ashe gara mutum ya zauna cikin fargaba. A'a. A 2019 masu bincike a Boston suka fitar da sakamakon bin diddigin mata kusan 70,000 da maza sama da 1,400 na tsawon shekaru. Waɗanda suka fi kyautata zato sun fi waɗanda suka fi munana shi tsawon rai da kashi 11 zuwa 15 cikin 100, kuma sun fi su kaiwa shekara 85. A shekarar dai, Alan Rozanski da abokansa suka haɗa bincike 15 da suka ƙunshi mutum kusan 229,000, suka ga masu kyakkyawan zato sun fi ƙarancin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 35 cikin 100. Tun 1989 ma Michael Scheier da abokansa sun ga maza masu sa rai da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya sun riga saura tashi su taka, sun riga su komawa harkokinsu.

Masu binciken sun faɗa da bakinsu cewa alaƙa suka gani tsakanin abubuwan biyu, kuma mai ƙoshin lafiya dama ya fi samun sauƙin sa rai. Amma sun ga wani abu da ya dace da abin da nake gani a tebur: masu sa rai sun fi motsa jiki, sun fi barin taba, sun fi bin abin da likita ya ce, kuma damuwa ba ta daɗe musu a rai. Ke nan babban rabo na alherin ta hannu yake biyowa, ta abin da mutum ke yi.

Nan ne nake son ka tsaya ka rarrabe, don duk rubutun nan a kansa ya rataya. Akwai mai cewa "babu abin da zai same ni", akwai mai cewa "in na yi abin da ya kamata, zan ga amfaninsa da yardar Allah". Daga nesa kamar abu guda, duka biyun fuska a sake. Na farko ba ya zuwa awo. Na biyu shi ne zai zo da katinsa a aljihu, ya haɗiyi ƙwayarsa bayan Asuba, ya dawo ranar da aka ce ya dawo. Gabriele Oettingen, wata masaniya Bajamushiya, ta ga wannan bambanci tun 1991 a cikin mata masu neman rage ƙiba. Waɗanda suka yi imanin za su iya sun rage sosai. Waɗanda suka riƙa hango kansu sun riga sun rame, abin ya zo cikin sauƙi babu wahala, su ne suka fi kasawa. Mafarkin ya ba su daɗin nasarar tun ba su yi aikin ba.

Malamanmu sun riga mu nan. Kowa ya san hadisin wanda ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, Annabi (SAW) ya ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce ko gudun ƙaddara yake, sai ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma a garin nan namu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya riƙe daula daga 1817 zuwa 1837, bai ga rubutu a kan maganin ido da na basur ya rage masa tawakkali ba.

Lamba kafin zato

Abu na farko a aikace: duk abin da ake iya aunawa, kada ka tambayi zuciyarka, ka tambayi na'ura. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma gaskiya ne a kan abubuwa da yawa, amma hawan jini da ciwon suga kan yi shekaru suna ɓarna a ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa jiki bai ce uffan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Mai dogara da "ban jin komi" kamar ɗan kabu-kabu ne da mitar mansa ta mutu, yana tafiya hanyar Dundaye yana cewa ai mashin na gudu, ashe da mai.

Ga yadda ake awon da zai faɗi gaskiya, don na ga ana yinsa a tsaye a bakin kasuwa ana hira, lambar banza ce ke fita. Rabin awa kafin awo kada ka sha taba ko shayi mai kauri, kada ka ci goro. In kana jin fitsari ka fara zagayawa. Ka zauna minti 5 ka huta, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, a naɗe hannun riga. Ka yi shiru har na'ura ta gama, gaisuwa ta jira. A sake bayan minti ɗaya ko biyu. In lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90, kada ka firgita kuma kada ka share, ka dawo wata rana a sake. In ta maimaita, ka ɗauki takardarka ka tafi asibiti. In kuwa ta kai 180 bisa 120 ga ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko ido na gani dishi-dishi, wannan ba ta gobe ba ce, yanzu ake tafiya, Asibitin Specialist ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko duk wanda ya fi kusa.

Suga kuma da safe ake aunawa kafin a ci komai. In ya kai 126 a na'urar da ke lissafi da mg/dL, ko 7.0 a mai mmol/L, sai a tabbatar a asibiti.

Ka sami ɗan littafi, irin na 'yan firamare ya isa, ka riƙa rubuta kwanan wata da lamba. Dalilina shi ne abin da Sharot ta gani. In ba a rubuce ba, bayan wata uku lambar ranar da ta yi kyau kaɗai za ka riƙa tunawa, ta ranar da ta hau kuwa zuciya ta riga ta nemo mata uzuri: ranar ai na yi faɗa da yara, ranar ai an yi zafi. Sannan kada ka ce za ka riƙa awo "lokaci-lokaci", wannan lokacin ba ya zuwa. Ka ɗaure shi da abin da ba ya wuce ka: Juma'ar farko ta kowane wata bayan an sauko masallaci ga mai hawan jini, ko kafin azumi da bayan babbar Sallah ga wanda lambarsa ke daidai. A Ingila a 2000 an gwada wannan da matan da ya kamata su je gwajin kansar bakin mahaifa. Waɗanda aka sa suka rubuta rana da wuri da yadda za su je, kashi 92 cikin 100 suka je. Waɗanda aka bari da niyya kawai, kashi 69. Niyyarsu ɗaya, rubuta ranar ce ta raba su.

Ka yanke hukunci tun kana lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ciwo ya shigo gida, ranar ce zato ya fi ƙarfi, don ga tsoro ga rashin kuɗi, kowane ɗayansu kuma yana son a ce masa "bari mu gani zuwa safe". Saboda haka maigida da uwargida su zauna tun lafiya lau su yi yarjejeniya a kan alamomin da in an gan su babu shawara, babu jiran kowa, fita ake yi. Ya kamata maigida ya furta da bakinsa cewa in ba ya gida ta tafi, ya yarda, kuma ta san inda kuɗin mashin yake. Na ga yaran da jiran izini ya cinye musu sa'o'in da suka fi tsada.

Ga yaro: ya ƙi nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Zazzaɓi kuma kada ya kwana ya wuni ba a gwada jini ba. Gwajin maleriya na ɗan tsinke minti 15 zuwa 20 ne. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maleriyar duniya, amma ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, shi ya sa ake gwadawa.

A lokacin rani, daga hunturu zuwa saukar ruwa, zazzaɓi da ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, ko maɗigar jariri ta kumbura, sanƙarau ake zato har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yana iya kashewa cikin awa 24. Mu nan ba labari aka ba mu ba: daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya kashe mutum sama da 1,000 a ƙasar nan, Zamfara da Sakkwato da Katsina na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ga mai ciki: ciwon kai da ba ya sauka, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zubar jini ko kaɗan ne, ko ɗa ya rage motsi. Wadda ta haifi shida a ɗaki lafiya ita ta fi kowa cewa "na saba", alhali yawan haihuwa ƙara hatsarin zubar jini yake yi. Awon ciki sau 8 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016. Ga babba: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. Kada a tsaya shafe-shafe da hayaƙi, a yi addu'ar a cikin mota. Tari kuma in ya kai mako biyu a kai majina a gwada, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cutar noma mai zaizaye baki da fuskar yara, don duk wanda ya taɓa leƙa Asibitin Noma da ke garin nan, wanda aka buɗe a 1999, ya ga abin da "zai warke da kansa" ke iya yi. Da kumburin dasashi take farawa, da ɗan jini da warin baki, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da ƙyanda ko maleriya ko yunwa ta raunana. A wannan matakin wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita. In aka bari, cikin 'yan kwanaki take huda kumatu, kuma har kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na aiki a asibitin tun 2014, kuma ba a biyan kuɗi. Uwa ta riƙa ɗaga leɓen ɗanta tana dubawa, musamman bayan ya tashi daga ciwo.

Kuɗin ko-ta-kwana kuwa, ko zubin adashe ne a ware shi da sunan lafiya, kada ya zama na anko. Mai iya shiga SOCHEMA, tsarin inshorar lafiya na jiha, ya je ya tambaya.

Ranar da ka ji sauƙi

Ban san ranar da ta fi wannan hatsari a jinya ba. Wani dattijo mai sayar da albasa yakan zo awo wurina, mutum mai fara'a, ba ka jin ƙorafi a bakinsa. Likita ya ɗora shi kan magani, lamba ta sauka, sai na daina ganinsa. Da ya dawo na ce, "Baba, ƙaƙa jiki, ina magani?" Ya ce, "Ɗana, ai na warke. Kai da kanka ka ce lamba ta yi kyau, mi za ya sa in ta haɗiyar ƙwaya kamar marar lahiya?" Na ce, "Baba, ƙwayar ce ta riƙe lambar." Muka auna, ta koma inda take har ta ɗara. Ya yi dariya ya ce na'urata ce ba ta son shi, amma ya koma asibiti.

Maganin hawan jini riƙewa yake yi, ba ya tumɓukewa, kuma ga mafi yawan mutane na yau da kullum ne. In yana sa ka tari, ko kumburin ƙafa, ko rauni a wajen iyali (wannan ne maza ke ɓoyewa su daina sha shiru), ka faɗa wa likita, akwai wasu iri da za a canza maka. Kafin azumi ma ka je a tsara maka lokutan sha, musamman mai ciwon suga. Maganin maleriya irin su Coartem kwana 3 ne, sha 6, kuma ya fi shiga jiki in an bi shi da nono ko abinci mai maiƙo. Jiki kan yi sanyi a rana ta biyu, nan ake ajiye sauran "don gaba". Kada a ajiye. Maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, kuma sai an cika ukun yake kare yaro yadda ya kamata. Na tarin fuka wata 6 ne cur, mai yankewa a tsakiya yana iya tayar da irin da maganin farko ba ya ji.

To a nan ne kyakkyawan zato ke da babban aiki. Mai shan ƙwaya kullum yana bukatar ya ji a ransa cewa abin da yake yi ba a banza ba ne. Abin da nake koya wa mutane, kuma ya yi kusa da hanyar da Oettingen ta tsara daga baya, shi ne: ka faɗi burinka ƙarara, misali in ga auren autata da ƙafafuna. Ka ji daɗinsa a ranka. Sannan ka tambayi kanka mene ne a halinka zai hana, ka amsa da gaskiya: nakan manta in na yi sammakon kasuwa. Sai ka ɗaura masa mafita: in na shafa addu'ar Asuba, ƙwaya kafin in sa takalmi. Ka ajiye kwalbar inda hannunka zai taɓa ta, kusa da carbi ko makullin shago, nesa da hannun yara da zafin rana.

Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa yadda mutum ke fassara wa kansa tuntuɓe shi ke raba mai tashi da mai zama. In suga ya hau bayan biki, wani zai ce ni dama ba na iya komai, haka zan ƙare. Wani zai ce lemun kwalba da shinkafar jiya ne, yau a koma kan hanya. Na biyun ake koyo, kuma ana iyawa.

A wajen dubiya

Abu biyu nake roƙon masu zuwa dubiya su bari. Na farko labarin wane da ya yi irin wannan ciwo bai kwana uku ba. Na biyu, wanda ake ganin kirki ne, "ba komai, ai ka warke, rabu da likitocin nan". Ka yi masa addu'a, ka faɗi kyakkyawar magana, Annabi (SAW) yana son kyakkyawar kalma mai sa fata. Sannan ka tambaya yaushe aka ce ya koma, wa zai kai shi, maganin zai kai ƙarshen wata?

Kada kuma a ɗora wa majinyaci laifin ciwonsa, a ce don ya sa damuwa ne jiki ya ƙi. A Ostireliya a 2004 an bi masu kansar huhu 179, ba a ga masu kyakkyawan zato sun fi saura daɗewa ba. A Amurka a 2007 James Coyne ya duba sama da mutum 1,000 masu kansar kai da wuya, ya ga haka nan. Sa rai na sauƙaƙa zaman jinya, yana taimaka wa mutum ya jure magani, amma ba ya narkar da ƙari. Mai ciwo yana da haƙƙin ya ji tsoro, ya yi kuka, ba tare da an ce imaninsa ya yi rauni ba.

Akwai kuma wanda zaton ya ƙare masa gaba ɗaya. In ka ga mutum ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci da ci sun rikice, ya janye daga mutane, yana cewa gara ba shi, wannan ciwo ne mai magani, wa'azin "ka saki ranka" ba ya isarsa. A kai shi ya ga likita, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya na nan Kware, kuma ba sai mai jifa ake kaiwa can ba. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kau da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, a tafi a ranar.

Saura dattijon gida da ya rantse shi da asibiti sai dai a kai gawarsa. Kada ka tsorata shi da alƙaluma, ka riga ka ji abin da zuciya ke yi da mugun labari. Kada kuma ka yi masa magana gaban surukai ko jikoki. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, nawa za ni in auna, ka raka ni." A fara da hannunka yana kallo, ka bar mai awo ya ce, "Baba, tunda kun zo, a kawo hannu mu sa albarka." In lambar ta yi kyau ka bar shi ya yi maka gori har gida, wata mai zuwa shi zai tuna maka. In ba ta yi kyau ba, kada a yi dogon bayani a wurin, a rubuta masa ita a takarda, a sa ranar da za a sake, kai kuma ka zo da mashin ka ɗauke shi.